Kwamfutar da Na Kai wa Malam

A ofishinmu ni ake tambaya idan za a sayi kwamfuta. Ban yi karatunta ba. Na dai daɗe ina buga takardu a sashen rajista, kuma Allah ya hore mini baki, to a ofis mai baki shi ne gwani. Idan wata ta yi tanadi za ta saya wa ɗanta kwamfutar tafi-da-gidanka, teburina take zuwa, ni kuma in gyara zaman tabarau in yanke hukunci: wannan batirinta ba ya riƙe caji, waccan zafi take ɗauka kamar dutsen guga. Rabin abin da nake faɗa a waya na karanto shi, rabi a bakin mutane na tsinta. Ana yarda da ni, har ni ma na fara yarda da kaina.

Mahaifina, wanda dukanmu muke kira Malam, yana zaune a unguwar Kusfa, cikin tsohon Birni, a gidan da aka haife shi. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma wanda ya tashi a cikin Birni ya san abin da wannan ke nufi a gidaje irin namu. Bai taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarama "yarinyar nan" ce ni, da na yi aure na koma "ta Tukur-Tukur", unguwar da aka kai ni. A ɗakin kakata na tashi, ita ce ta yi mini tsarki da kitso da faɗa. Inna, mahaifiyata, ta ma fi Malam kunyata: idan tana son in ɗauko mata wani abu, bango take faɗa wa, ni kuma in ji in ɗauko. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba. Haka na buɗe ido na gani, kuma na san ana sona, don nama mafi kyau a kwanon kakata yake sauka ba tare da an ce na wane ne ba.

Kowace Juma'a bayan la'asar nakan je gaisuwa. In durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa, daga waje, shi yana kan buzunsa yana kallon wani gefe. Ina wuni, ina gajiya, yaya jiki, yaya ɗalibai. Kowace tambaya amsarta ɗaya ce, Alhamdu lillahi, daga ƙarshe ya ce Allah ya yi albarka, in tashi. Idan na zo masa da turare ko yadi, a ɗakin Inna nake ajiyewa, ko in ba ƙanwata ta miƙa. Ita kuwa ƙanwar tawa, autarmu, da ke aure a Kano, idan ta zo kan buzun take hayewa, ta cinye masa dabino, ta ce hularsa ta tsufa. Nakan ce mata marar kunya, amma can ƙasan raina ina ɗan jin haushin sa'arta.

Sai idon Malam ya fara raguwa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ba da maganin ɗigawa, ya kuma faɗa wa ƙanwata a fili cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma a hankali yake tafiya. Malam bai damu da hanya ba, don lungunan Kusfa ko ido rufe ya san su. Karatun da yake bayarwa a zaure da safe kuma yawancinsa yana ka. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, takardun mahaifinsa.

Kakanmu ya bar waƙoƙin wa'azi da ya tsara da Hausa cikin rubutun ajami, a takardu warwatse cikin wata tsohuwar gafaka. Rubutun ƙanana ne kamar ƙwayar gero, ba wasali, tawadar ta koɗe, ga wasu lanƙwashe-lanƙwashe da shi kaɗai ya san dalilinsu. An nuna wa malamai da dama, kowa ya ɗan taɓa sai ya tsaya yana gyaran murya. Malam ne kawai ke iya warware shi, saboda a gefen mahaifinsa yake zaune lokacin da ake rubutawa. Burinsa ya kwafe su duka da babban rubutu mai wasali, yadda kowa zai iya karantawa bayansa. Ya daɗe yana cewa sai ya huta da aikin koyarwa na makarantar gwamnati. Da ya huta ya fara, sai idon ya tsayar da shi, har madubin ƙara girman rubutu ya daina yi masa amfani.

Ni na kawo shawarar kwamfuta, kuma na yi alfahari da ita. Na ce wa ƙanwata, wadda ta zo biki a lokacin, a ɗauki hoton kowace takarda a zuba a kwamfuta, sai ya riƙa ƙara girman rubutun yadda yake so, ga haske daga bayansa. Muka zauna a tsakar gida, ita tana juya takardun a hankali ni ina ɗauka da wayata, har muka gama gafakar.

Saura saye. A wani shago a Sabon Gari na tarar da irin waɗanda kowa ya sani, da kuma wata sabuwa mai sauƙin kuɗi da ta shigo gari a shekarar. Da na ɗan ƙara haƙuri na haɗa kuɗin, da na sayi sananniya. Amma ina so in kai kafin ƙanwata ta koma Kano, kuma ina so a ce ni na gano mai araha mai kyau. Na yi mata duk gwajin da na saba yi a gaban mutane. Na ɗaga na ji nauyinta, na buɗe na rufe, na danna maɓallai, na kara kunne ina sauraron fankarta kamar mai sayen kankana. Na tambayi mai shagon garanti, ya ce shekara guda, kamfanin yana da wurin gyara a Kaduna, kuma idan ta sami matsala shi da kansa zai karɓa ya aika. A waya na ga wasu suna yabonta, wasu suna cewa fuskarta, gilashin da ke nuna rubutu, kan mutu ba dalili. Masu ƙorafin na zuba su a sahun waɗanda ba su iya riƙon kaya ba. Na ce wa kaina ai Malam ba kallon fim zai yi ba, hotuna kawai zai buɗe.

Wannan karon ban ajiye a ɗakin Inna ba. Kaya ne da ke buƙatar bayani, don haka na rungumo kwalin da hannuna har bakin ƙofarsa, na tura shi ciki. Na riga na manna jan salatif a kan maɓallin kunnawa, da na ƙara girma, da na juya shafi. Daga inda nake durƙushe na yi ta yi wa ƙanwata bayani da ƙarfi, ita da ta fi ni sanin kwamfuta, tana ta gyaɗa kai tana danne dariya, Malam kuma yana sauraro kamar ba da shi ake ba. Da shafin farko ya fito, ta ƙara girmansa, sai ya matso. Leɓensa ya fara motsi. Can ya rera baiti ɗaya da karin da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya juya wajen ƙanwata ya ce, "Ki ce mata Allah ya yi albarka." Ina nan a gabansa, tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba. Ranar da ƙyar na ga hanyar gida don murna.

Ƙanwata ta koma Kano. Ni kuma na ƙara layi ɗaya a gaisuwar Juma'a. Bayan yaya jiki, kafin yaya ɗalibai, sai in ce yaya kwamfutar. Ya ce Alhamdu lillahi. A makonnin farko ina hangenta a kan ɗan teburinsa, ga takardun da ya kwafe a gefe, ga tawada a yatsunsa. Daga baya na daina leƙawa, tunda amsar ba ta canza ba.

Wannan amsar na ɗauka na kai ofis a matsayin hujja. Duk wanda ya tambaye ni sabuwar kwamfutar nan mai araha, sai in ce ya saya ido rufe, mahaifina ma ita yake amfani da ita kullum, ko sau ɗaya bai yi kuka da ita ba. Gaskiya na faɗa, bai yi kuka ba. Cikin waɗanda suka saya da bakina har da wata Hajiya ta sashen albashi, mace wadda ko ƙosai aka rage mata ɗaya sai ta koma. Ba a jima ba tata ta mutu: tana kunnawa, fanka na juyawa, fuska baƙi ƙirin. Ta fara sauke mini nawa kason a gaban kowa, sannan ta ɗauki kwali da rasit ta nufi Sabon Gari. Na so in ga ta dawo hannu rabbana, don in ce ita ce ba ta iya riƙo ba. Sai ga shi bayan ɗan lokaci an ba ta sabuwa fil. Ta zo teburina ta ce mai shagon ya gaya mata duk waɗanda suka shigo a wannan zubin suna da lahani a wata waya da ke bayan fuskar, kuma kamfanin yana canza wa duk wanda ya mayar kafin garanti ya ƙare. Ta ce in je in dubo ta babana. Na ce tamu lafiyarta ƙalau, wataƙila ba zubinsu ɗaya ba.

Juma'ar da ta biyo baya ita ce ta fi damuna har yau. Na durƙusa a inda na saba, na ɗaga ido na dubi teburin. Buta ce a kai, da kwalbar maganin ido. Tsohon madubin nan da ya daina amfani yana kan buzu kusa da gwiwarsa. Yatsunsa fes, ba tawada. Na ga duk wannan. Na ce yaya jiki, ya ce Alhamdu lillahi. Na ce yaya kwamfutar. Ya ɗan yi jim, ya gyara zaman carbinsa, ya ce Alhamdu lillahi.

Ni 'yar Birni ce, a cikin wannan maganar aka yaye ni. Na san mutumin da likita ya ce idonsa na tafiya, aka tambaye shi jiki ya ce Alhamdu lillahi, ba zai canza amsa a kan kwamfuta ba. Na san uba ba ya buɗe baki ya ce wa 'yar fari kyautarta ta lalace. Amma in zan bi abin da idona ya gani, sai na tsallake bakin ƙofar nan da ban taɓa tsallakewa ba, in ce Malam a nuna mini ita, in sa shi ya faɗi abin da ba ya son faɗa. Sannan ranar Litinin in koma ofis in ce wa Hajiyar albashi ta yi gaskiya. Na ce wa kaina wataƙila ya adana ta ne saboda ƙura, wataƙila yau hutawa yake yi. Ya ce Allah ya yi albarka, na ce amin, na tashi na karkaɗe zanena. A hanya har tsire na tsaya na saya wa yara.

Haka muka ci gaba, ina tambaya yana amsawa, damina ta zo ta wuce. Na lura ya fara lalube kafin ya sami takalminsa. Na lura idan na yi sallama sai ya karkatar da kai gefe, yana nema na da gefen ido. Na ƙara yawan turaren da nake ajiyewa a ɗakin Inna.

Ƙanwata ce ta fasa ƙwan da ta zo hutun Sallah. Ta faɗa ɗakinsa yadda ta saba, ta ce ina kwamfuta, a nuna mata inda aka kai. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji shiru ya yi yawa. Ta fito fuska a murtuke, ta ce in zo in gani. Daga bakin ƙofa ta nuna mini saman kantar littattafansa. Can take, a naɗe cikin farin ƙyalle, an ɗora ta bisa manyan littattafai, wurin da ba ya ajiye komai sai abin da yake girmamawa. Ta ce ta sauke ta gwada, fanka na juyawa, fuska baƙi. Ta ce za ta tafi da ita, ya ce a mayar a bar ta inda take.

Ta ja ni bayan ɗakin girki ta wanke ni tas, ni da nake yayarta. Ta ce wata nawa ina zuwa gidan nan, me nake zuwa yi, gaisuwa ko rajista. Inna tana tuƙa tuwo, ba ta juyo ba, sai ta fara magana da tukunyar. Ta ce abin ya mutu tun kafin ruwan farko. Ta ce Malam ya hana a faɗa, ya hana ɗalibansa su gani, don kada a ce abin da yarinyar nan ta kawo bai yi ƙarko ba. Da farko ya zaci wuta ce ba ta isa ba, ya sa aka kai ta caji gidan maƙwabta masu sola, a naɗe. Daga nan kullum idan ya tashi karatu sai ya rufo ƙofa, ya sauke ta, ya danna jan maɓallin ya zauna yana jira, sannan ya naɗe ya mayar. Ta ce ya daɗe yana haka kafin ya bari.

Washegari na tafi Sabon Gari da rasit kaɗai a jaka da masifa cike da baki. Mai shagon ya duba ya ce garanti ya ƙare, kamfanin kuma ya rufe canjin. Ya ce da na kawo a lokacin, da ko mako biyu ba za a yi ba an ba mu sabuwa, don mutanen ba su ba shi wahala ba ko kaɗan. Na ce to da kuka san kayanku na da lahani, me ya hana ku nemi waɗanda suka saya. Ya buɗe hannu ya ce, "Hajiya, mu a wajenmu duk wanda bai dawo ba, tasa lafiya take." Na buɗe baki zan ci mutuncinsa, sai maganar ta maƙale, don da wannan ma'aunin ni ma na yi ta auna wa mutane a ofis. Na sayi wata, irin sananniyar da ya kamata in saya tun farko, na zuba hotunan da ke wayata.

Na roƙi ƙanwata ta shigar masa da ita, ta ce Allah ya kiyaye, in shiga da ƙafata. Na yi sallama, na cire takalmi, na tsallake bakin ƙofar. Ɗakin ya fi yadda nake hange ƙanƙanta, yana ƙamshin turaren da nake aikowa. Na durƙusa a gefen buzun na kunna, na buɗe shafi, na yi ta ƙara girma har kalma ɗaya ta cika fuskar. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓawa. Ya karkata dama, ya karkata hagu, yana neman ɗan gefen da ya rage masa. Ya daɗe a haka. Sannan ya koma ya zauna daidai ya ce, "Akwai haske."

Na gane hasken kawai yake gani, ba rubutun ba. Ban san lokacin da na yi masa magana kai tsaye ba, abin da ban taɓa yi ba in ban da gaisuwa.

"Malam, me ya sa ba a gaya mini ba? Da an canza ta."

Ya juya carbinsa. Ya fuskanci wajen ƙofa, inda na saba durƙusawa, ya ce, "Shi ne abu na farko da kika kawo mini da hannunki. Sai in ce a mayar?"

Na so ya yi mini faɗa. Na so in ce masa na gani tun ranar nan, na ga butar a kan tebur na tashi na tafi. Ban faɗa ba, kuma na san ko na faɗa cewa zai yi ba komai, ya sa mini albarka, nauyin ya ƙaru. Na zauna ina kuka a hankali yadda ba zai ji ba, ko da yake kunnensa lafiya lau yake.

Yanzu ranar Juma'a a gefen buzun nake zama. Ɗan ajamin da na koya a makarantar allo shi nake lallaɓawa. Ina ƙara girman rubutun, in faɗa masa haruffan da na gane ɗaya bayan ɗaya, in kwatanta waɗanda ban gane ba, wannan yana da wutsiya ta yi ƙasa, wannan kamar an ɗiga masa ɗigo biyu ko kuwa ƙwaro ne ya ci takardar. Idan ya tuna baitin sai ya karɓe ya rera, ni in rubuta. Idan bai tuna ba sai ya sa in maimaita, sannan ya ce in bar gurbinsa. Har yanzu bai kira sunana ba, ni ma ban sa rai ba. Tsohuwar kwamfutar tana nan a saman littattafai cikin ƙyallenta, kuma Inna ta ce shi da kansa yake lalubawa ya kaɗe mata ƙura.

A ofis ba a daina zuwa teburina ba. Nakan ce ban sani ba, su je wajen Hajiyar albashi.

Juma'ar da ta wuce muka iso wata takarda da rabinta na sama yana cikin waɗanda ya kwafe da hannunsa, da babban rubutu mai wasali. A tsakiyar wani baiti rubutun nasa ya tsaya. Na buɗe hoton, na yi iya yina, ƙasan takardar ya fi ƙarfina, ko harafi ɗaya ban tsayar ba. Na karanta masa inda ya tsaya. Ya maimaita rabin baitin sau da yawa, yana kaɗa kai a kan karin, yana jiran sauran ya zo.

"Nan nake ranar da kwamfutar ta ɗauke," in ji shi. "Na ga sauran, na ce bari in yi salla in dawo in rubuta."

Ya ƙara gwadawa sau ɗaya, sannan ya ce in bar gurbinsa. Na tsallake rabin shafi, na buɗe hoto na gaba.